Mai Faci Ya Ƙi Tiyata

Tun matar Mai Faci tana sakandare malamin Turanci ya taɓa rubuta musu wata kalma a allo, ya ce su dube ta da kyau. A bakin Bature, in ji shi, ita ce sunan ɗan abin da ake liƙawa a kan huda, ita ce kuma aikin liƙawar, ba a ƙara mata ko harafi. Mu da muka aro ta ne muka raba mata aiki, muka ce faci, muka ce ya face. Ta kwafa, ta ci jarrabawa, ta manta. Ba wanda ya gaya mata kalmar nan za ta aura.

Mijin nata rumfa gare shi a bakin titi, daf da inda manyan motoci ke juyawa. Akwai injin iska mai tari kamar tsoho, da rabin duro na ruwa baƙi ƙirin da ake tsoma roba a ga inda take kumfa, da gwangwanin gam, da ƙarafan ɓare taya, sai benci. Tun yana saurayi yake wurin. Aikinsa ba a kushe shi, direba kan wuce wasu masu facin ya gangaro masa da taya har rumfa. Abin haushin shi ne in ya tashi ba ya barin sana'ar a can, gida yake tahowa da ita.

Bokitin wanka faci. Buta faci. Takalman yara faci a kan faci, har 'yan ajinsu suka laƙa musu 'ya'yan taya. Kwanon rufin ɗaki ya sha gam da roba, in rana ta take sai ka rantse a cikin mota kake kwance. Ranar da kujerar roba ta tsage da ƙanwar babarta a kai, tsohuwa ta yi zaman daɓaro, kafin a gama yi mata sannu ya ɗauko waya ya ɗinke kujerar, ya ce Inna ta koma ta zauna, yanzu ta fi sabuwa ƙarfi.

In ta yi magana amsar ɗaya ce.

"Uwargida, huda ɗaya ce fa. Don huda ɗaya za a yar da abu sukutum?"

A faɗi gaskiya, mutumin ba marowaci ba ne. Cefane bai taɓa yankewa ba, yaran duk sun yi karatu. Kawai dai bai yarda akwai abin da ya fi ƙarfin roba da gam ba. Ta yi faɗa, ta yi gaba, ta gaji ta zuba masa ido. Bokiti ne, in ya fashe ruwa kawai za a yi asara.

Sai ta fara lura tafiyarsa ta canza. Yana ɗan tale ƙafa, ya daina tsuguno, in tari ya zo masa sai ya dafe mara kafin ya sake shi. Ta tambaya, ya ce gajiya ce. Wata safiya ya shiga wanka, ta je rataye masa tawul, ta ga wani abu a ƙusa: robar cikin taya an yanko ta faɗin tafin hannu, da dunƙulen tsumma ɗaure a tsakiya, duk ya sha gumi.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ajiye min kayana."

"Na ce mene ne?"

Da ƙyar ya faɗa, yana kallon bango. Wani kumburi ne ya fito masa a ƙasan mara, ya daɗe. In ya kwanta ya koma, in ya ɗaga taya ya fito. Shi ne yake danna shi ciki da yatsa, ya ɗora tsumman, ya tamke da roba.

"Innalillahi! Cikin naka ka face?"

"Rage murya, maƙwabta."

Sai da ta rantse za ta je ta kwashe komai ta gaya wa yayarsa, wadda duk duniya ita kaɗai yake shakka, sannan ya bi ta asibiti. Likita ya duba ya ce ƙaba ce. Naman mara ne ya ɓule, hanji yake leƙowa ta wurin, kuma kowace taya ya ɗaga ƙara buɗa ɓular yake. Wata rana hanjin zai fito ya maƙale ya ƙi komawa, in aka yi jinkiri ya ruɓe, to sai dai wani ba shi ba. Amma aikin ba babba ba ne in aka yi shi yanzu: za a mayar da hanjin, a ɗinke, a shimfiɗa wata 'yar raga a wurin don ya yi ƙwari, ya huta da ɗaukar nauyi na ɗan lokaci.

Ta ga fuskar maigidan ta washe, yana ta gyaɗa kai. Ta ce alhamdulillahi a ranta. Ashe ba ta san me ya ji ba. Suna fitowa bakin ƙofa ya juyo yana murmushi.

"Kin ji da kunnenki ko? Faci ne. Shi daga ciki, ni daga waje. Kuma nawa ba sai an yanka ni ba."

"Malam, kai taya ne?"

"Wannan yaron da bai kai ɗana ba, shi zai koya min faci?"

Ta san abin da ke ƙarƙashin maganar. Mutumin da ke shiga ƙarƙashin tirela ba ko ɗar, allura ba ya iya kallo. Kuma ga wani sabon mai faci ya buɗe a tsallaken titi da inji mai sheƙi, in ya kwanta jinya, yana ganin direbobinsa can za su koma. Ta fahimta sarai, fahimtar ce ma ke ƙara mata haushi. A kan kada a ƙwace masa taya zai bar ta da takaba.

Ta kawo yayar, yayar ta yi masa tas, ya ce to, bai je ba. Babban ɗansu ya ce zai riƙe rumfar, uban ya ce ɗan bai san zafin gam ba. Ta ɓoye robar, ya yanko wata. Ai abin da ya fi yawa ke nan a rumfarsa.

Wata rana da azahar ta kai masa abinci. Inji na ta ruri, ga tayar tirela an ɓare rabi an bari, direbobi na kan benci suna hira, shi kuwa babu shi. Ta zagaya bayan duro ta same shi a duƙe, gumi na zuba, ya yi amai a ƙasa ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe.

"Tun yaushe?"

"Tun safe. Ya ƙi komawa." Muryar da ƙyar take fita. "Na ƙara tamke shi. Bari in gama wa Dogo tayarsa, sai in kwanta ya faɗa."

Dogo direban tirelar ne, yana can yana sakace. Ta dubi mijin, ta dubi tayar, ranta ya kai maƙura. Ta san lallashi ba zai tayar da shi daga nan ba, ta kuma san abin da ya fi tsoro fiye da wuƙar likita. Ta ajiye kwano, ta je ta kashe injin. Wurin ya yi tsit.

"Bayin Allah, an tashi daga aiki! Mai rumfar ba shi da lafiya."

"Uwargida!" ya yi ƙoƙarin miƙewa ya kasa.

"Hajiya, me ya sami Baba?" in ji Dogo.

"Ƙaba ce da shi, hanjinsa ya fito ya maƙale tun safe. Likita ya ce a yi aiki ya ƙi. Ku zo ku ga abin da ya ɗaure cikinsa da shi, ku da kuke yabon aikinsa."

Ta kama rigar ta ɗaga. Robar ta nutse cikin nama, fatar gefenta ta yi baƙi.

"Subhanallahi! Baba, wannan ai robar tayata ce ta wancan makon!"

"Dogo, tayarka saura kaɗan..."

"Taya ta ci gidansu!" Ya juya ga wani direba. "Kai, kawo motarka nan. Ku kama ƙafafun."

Haka aka ɗauke shi ranga-ranga kamar buhu, yana rantsuwa zai iya takawa, masu shago na leƙowa, har sabon mai facin ya tsallako ya riƙe ƙofar mota. A asibiti nas ta sa almakashi ta datse robar, ta ɗaga ta da yatsu biyu tana kallon matar, matar ta ce kada ta tambaye ta. Aka wuce da shi ɗakin tiyata, ta zauna a benci da zanen da ta fito da shi daga madafa.

Da likita ya fito ya ce an ci sa'a, hanjin ya fara canza launi amma ya dawo. Da an kai yamma, da labarin ya bambanta.

Sai bayan la'asar ya farfaɗo. Ya buɗe ido ya ga silin, ya ga robar ƙarin ruwa a hannunsa, ya gan ta a gefen gado. Ta matso, tana jiran ko sannu ce ko godiya. Ya motsa busassun leɓɓa.

"Uwargida... a gaban mutane? Har riga?"

"A gaban mutane," ta ce. "Da makara ce ma a gabansu za a ɗauke ka, kuma ba riga."

Ya juya fuska bango. Ta tsoma auduga a ruwa, ta kamo haɓarsa ta juyo da ita, ta jiƙa masa baki.