Azarar Ba Mala

Duk wanda ya san Ba Mala a Diffa ya san abin dariyar da ake yi masa: magini ne da ya tada rabin gidajen garinsu Tumur, amma shi a bukkar zana yake kwana. Tun da hare-hare suka kore su daga gida, matarsa Ya Meram take roƙonsa ya yi musu ko ɗaki guda. Sai ya ce baƙo ba ya gini, gobe za su koma. Goben nan ta yi shekaru tana tafe.

Abin da ya sa yake da wannan ƙarfin zuciya yana jingine a bayan bukkar, lulluɓe da tsohuwar tabarma. Mutanen kwarin kogin Komadugu in ƙaura ta kama su sukan bar bango, don ƙasa ta kowa ce, amma azara gado ce. Da aka ɗan samu lafawa, Ba Mala ya yi kasada ya koma da amalanke, ya kwance rufin gidan ubansa, ya kwaso azarar goruba wadda hayaƙin girki ya mai da baƙa wuluk. Kullum sai ya ɗaga tabarmar ya duba ko gara ta shiga.

A unguwar da suke zaune a Diffa akwai tsohon zauren da fataken tattasai suke sauka a da, rufinsa ya rufta. Wata ƴar unguwa, Ummusalma, da ta karanto zanen gine-gine a Yamai, ta tara mutane aka yi gayya don a sake tada zauren. Mata suka ɗebo ruwa, samari suka kwaɓa ƙasa, masu zane suka fitar da ado a fuskar bango. Ba Mala ya ce shi kallo kawai ya zo yi, ya ƙare da laka har gwiwa.

Bango ya tashi, sai maganar rufi ta tsaya. Goruba tana bakin kogi, bakin kogi kuwa ba ya shiguwa saboda hare-hare. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas, kuma kowa ya san ruwan farko zai narkar da aikin kamar gishiri. Ummusalma ta san abin da ke ƙarƙashin tabarma, amma kunya ta hana ta tambaya. Wannan kunyar ta fi roƙo damun tsohon. Ya daina cin abinci sosai, don ya san in azarar ta hau wani rufi, ba ta sake ganin Tumur.

Wata safiya aka gan shi tafe, azara a kafaɗa, ko sallama bai yi ba. Shi ya jera su da hannunsa. Da masu zane suka kawo farar ƙasa za su shafe baƙin azarar, ya ce su bar shi yadda yake.

Ruwa ya sauka ranar da aka buɗe zauren, ko ɗigo bai zubo ba. Ya Meram ta shigo, ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallon hayaƙin tukunyarta da na uwar mijinta a jikin azarar. Idonta ya cika.

"Malam, mun zauna ke nan?" ta tambaye shi a hankali.

"Mun zauna," in ji shi. "Gobe ki nuna mini inda kike son ƙofar ɗakinki ta kalla."