Ranar da Ɗan Baffana Ya Riƙe Lasifika

Kakanmu ya yi aikin gyaran layin dogo tun yana saurayi, kafin ya dawo ƙauyenmu da ke wajen Tofa ya kama noma. A cikin jikokinsa kaf, ni kaɗai nake zama in saurare shi. Bayan la'asar sai ya jingina da bangon zaure ya ba ni labarin yadda ake loda buhunan gyaɗa a tarago, da yadda suke kara kunne a jikin ƙarfe su ji jirgi tun yana nesa. Ɗan baffana, wanda na girme shi da shekara uku, yana can filin ƙwallo.

Na zama malamin firamare. Shi kuma ya shiga birni yana sayar da kayan waya, Turancinsa ya goge a kasuwa.

Wata shekara bayan girbi muka ji wasu mutane sun gyara tsofaffin taragu biyu, za su riƙa ɗaukar masu yawon buɗe ido a tsohon siririn layin nan da ya fita daga Kano, su ga gonaki da tashoshin da. Suna neman mai yi wa baƙi bayani. Mu biyu muka je tantancewa, ni riƙe da littafin da na cika da labaran kaka, shi ko biro bai ɗauka ba. Da aka ce in yi magana da Turanci sai harshena ya sarƙe, gumi ya jiƙa mini hula. Shi kuwa ya shiga yana dariya, ya fito da aiki.

Bayan kwana biyu ya zo har gida.

"Yaya, ara mini littafin nan mana."

Na ce ban san inda na ajiye ba. Yana ƙarƙashin katifata. Amma ya zauna ya yi ta jefo tambayoyi, ni kuma idan aka taɓo zancen jirgi ba na iya kama bakina. Kafin magariba ya kwashe rabin abin da na sani.

Ranar tafiyar farko ya samo mini kujera a can baya. Jirgin na tafiya a hankali tsakanin kararen dawa, shi yana tsaye da lasifika, sanye da sabuwar shadda. "Kakana ya faɗa mini," in ji shi, sau ba adadi. Kowane "kakana" labari ne da ya kwasa a bakina. Baƙi suna ta ɗaukarsa hoto.

A wata tsohuwar tasha, wata dattijuwa daga cikin baƙin ta nuna wani dogon tanki da ya yi tsatsa, ta tambayi amfaninsa. Bai sani ba. Ya waiwayo ya dube ni. Na juya kai waje ina kallon awaki, kuma wallahi daɗi na ji.

Sai kawai ya ce a lasifika, "Ga yayana can, shi ne malaminmu. Yaya, taimaka mana."

Ba yadda zan yi. Na miƙe na yi bayani da Hausa, cewa nan jirgin gawayi yake tsayawa ya sha ruwa, fasinja su sauka su yi alwala da abin da ya zuba. Ya fassara musu, ya ƙara gishiri. Aka yi tafi, duk idanu suna kansa. Dattijuwar ta nemi su ɗauki hoto tare, ta miƙo mini wayarta.

Na ɗauke su. Na mayar mata da wayarta.

Da na dawo gida uwargida ta tare ni da ruwa.

"Malam, yaya jirgin?"

"Ba ya sauri," na ce mata, na wuce ɗaki na hau duba jarrabawar 'yan aji huɗu.