Baba Mai Filashin

Babanmu mai gyaran agogo ne, teburinsa na bakin tasha, kuma ba talaka ba ne, gida biyu ya gina da ɗan teburin nan. Amma hannunsa, wallahi ko ruwa ka zuba ba ya ɗiga. Duk rowarsa mun shanye, ban da guda ɗaya: bai taɓa kiran kowa a waya ba. Sai dai ya danna, tana ƙara sau ɗaya ya katse, ya zauna jiran ka kira shi. Kati kuwa yana ciki. Abokan zamansa suka sa masa Mai Filashin, yana amsawa har da dariya.

Yayata ce ta fara ƙosawa. Aure ya kai ta nesa, shekara shida ita ke kira. Ran nan ta ce ta gaji, idan yana son jin muryarta ya bar wayar ta yi ƙara har ta ɗauka, ko sau ɗaya ne. Na kai masa saƙon. Ko ɗagowa daga kan agogon bai yi ba, ya ce tun fil azal yaro ke neman babba. Wata huɗu yana filashin, ita kuma ta ƙi kira. Taurin kan nan a wajensa ta ɗauko.

Sai aka kwantar da ita za a yi mata aiki a ciki, ni na je jinya. Da safen ranar, wayar na kan cinyarta, ta yi ƙara. Baba ne. Kafin yatsanta ya kai, ya katse. Na ce bari in kira shi da tawa.

"Kar ki kira," in ji ta. "Ya san yau ne. Zai sake."

Muka zuba wa wayar ido har ma'aikatan jinya suka zo suka tura ta. Bai sake ba. Ita kuma ba ta fito da rai ba.

Wayarta tana hannuna. Tun da aka share makoki, kullum da hantsi sai ya kira lambarta, kuma yanzu barin ta yake ta yi ta ƙara har ta gaji ta tsinke. Mama ta ce nadama ce. Mijin marigayiyar ya ce ina, ya san babu mai ɗauka ne, ko sisi ba za ta fita ba. Ni kam kaina ya kulle. Haushinsa nake ji, ina jin nawa da na biye mata, ga tausayinsa kuma da ban san inda zan sa shi ba.

Jiya na kasa jurewa, na ɗauka. Ina jiran ya katse, sai numfashinsa nake ji da hayaniyar tasha.

"Na san ke ce," ya ce. "Kar ki kashe, 'yar nan. Bar shi ya ci katin."