Hoton 'Yata a Fostar Ƙungiya

Ban taɓa gaya wa kowa a layinmu cewa 'yata sikila ce ba. Daga ni sai babanta sai likita. Idan ciwon ya tashi sai in ce zazzaɓi ne, in goya ta mu hau keke zuwa asibiti. Na ga yadda ake yi wa irinsu, yaro na tsaye da ƙafafunsa ana kallonsa kamar mai jiran ranarsa. Ni dai burina ta tashi kamar 'yar kowa, idan ta yi laifi ma a tsawata mata.

A wajen karɓar magani wata Hajiya, tsohuwar nas, ta gayyace ni ƙungiyarsu ta iyayen yara masu sikila. A falonta na Gyallesu muke haɗuwa, nesa da idon maƙwabtana. Can na koyi ɗura wa yarinyar ruwa ko ba ta so, da sa mata safa in hadari ya haɗu. Can kaɗai nake buɗe baki.

Wata rana Hajiya ta dawo daga neman tallafi ranta a ɓace. Wai an ce ba mu yi kama da ƙungiya ba, ba tambari, ba fosta. Sai 'yar ƙanwarta da muke kira Anti, wadda ta gama jami'a, ta yi dariya.

"Hajiya, duk wannan kyauta ne a intanet. Ku matso ku gani."

Muka yi mata rumfa a kan waya. Wallahi abin ya burge ni. Ga launuka, ga rubutu iri-iri, an riga an tsara komai, naka kawai ka zaɓa ka sa sunanka. Muka zaɓi hannaye biyu sun tallabe ɗigon jini. A tsakiyar fostar akwai zagaye da ake sa hoto. Anti ta sa wasu yaran Turawa masu kumatu, su ma na kyauta.

"Waɗannan ƙosassun?" in ji Hajiya. "Wa zai yarda namu ne? A sa ɗan gida."

Anti ta waiga. Ranar da yarinyar na zo, na yi mata sabon kitso, ta sa rigarta ruwan ɗorawa.

"Kai, wannan 'yar kyakkyawar ta wace ce? Zo nan, tauraruwa."

Na so in ce a'a. Amma 'yar fari ce. Ko sunanta ba na faɗa. A gidan da na tashi, uwa ba ta zaƙewa a kan ɗan fari a gaban manya, ko faɗuwa ya yi sai dai wata ta ɗaga shi. Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi.

"Kunyar 'yar fari ce," in ji wata. "Ku rabu da ita, ta yarda."

Suka kwashe da dariya. Anti ta ɗauki hoton, ta danna wani abu, sai kujeru da labule da ni da nake zaune a bayanta duk muka ɓace, fuskar yarinyar ta shige cikin zagayen. Aka yi ta masha Allah. Na ba wa kaina haƙuri, na ce ai ofisoshin Kaduna za a kai.

Ba a jima ba na je sayen magani a kemis ɗin bakin titinmu na Tudun Wada, sai ga fostar a bango, 'yata tana min murmushi. Karatuna bai yi nisa ba, amma na haɗa baƙaƙen da ke saman kanta: a taimaki masu sikila. Kafin in kai gida matar wana ta kira, wai ta gani a sitatus.

Na koma Gyallesu na ce a cire hoton.

"Haba maman yarinya, abin ba wuya," in ji Anti. Nan take ta cire hoton ta mayar da na Turawan. "Kin gani? Kyauta ne, ko sau ɗari sai a canza."

"Na bangon fa, Anti? Na wayoyin mutane fa?"

"To ai wayar da kai ne. Da kin yi magana a lokacin."

Hajiya ta ce in yi haƙuri, fostar ta yi kyau, har an fara kiransu.

Maƙwabta kuwa suka yi ta shigowa sannu kamar an yi rashi. Wata ta dafa kan yarinyar, a gabanta, ta ce, "Ashe haka Allah ya jarrabe ku? Allah ya raya, in mai rayuwa ce."

Da la'asar na leƙa ƙofar gida. Yaran layi na ta tsalle da igiya, ita kuwa tana zaune a kan dakali, ta rungume silifas ɗinsu a cinya. Na ce ta tashi ta shiga wasa.

"Umma, sun ce mamansu ta ce kar in yi tsalle, zan mutu. Ni ce mai gadin takalma."

Lafiyarta ƙalau a ranar. Na kama hannunta in ɗaga ta, ta fizge, wai kar takalman su zube.