Ƙararrawar da Na Kaɗa wa Ɗan Maƙwabcina

Ku da kuka tarar da agogon lantarki da kyamara a teburin alƙalai, ku saurara. Komai zan manta a aikin nan, ban da ranar Asabar ɗin da aka buga wasan ƙarshe na ƙwallon kwando na kwalejojin ƙasa, a filin wata kwaleji da ke Kalgo. Karon farko ke nan da yaran jiharmu suka kai wannan matsayi.

Ni ne mai riƙe lokaci. Aikina in tsayar da agogo idan an busa usur, in kaɗa ƙararrawa idan lokaci ya cika. Doka ta ce idan ƙwallo ta bar hannun ɗan wasa kafin ƙararrawa kuma ta faɗa kwando, an ci. Idan tana hannunsa, ba a ci ba. Ran nan babu wuta, sai aka ba ni agogon hannu da ƙararrawar makaranta, baƙin da za mu kara da su kuma suka amince.

Kyaftin ɗinmu Bello ne, ɗan Alhaji Umaru. Katangarmu ɗaya a Gwandu, kuma ni na fara ɗora masa ƙwallo a hannu.

Saura daƙiƙa uku a tashi, baƙi suna gaba da maki ɗaya, aka miƙa wa Bello ƙwallo. Maimakon ya jefa, sai ya buga ta ƙasa sau ɗaya. Lokaci ya cika, na kaɗa, ƙwallo tana kan yatsunsa. Sannan ta tashi, ta faɗa kwando.

Fili ya kaure da ihu. Mutanen Diggi da Maruda da suka cika motoci suka zo, har sun fara rungumar juna. Da alama ba wanda ya ji ƙararrawata, har alƙalin wasa. Ya zo tebur yana haki.

"Malam Sani, ban ji komai ba. Kafin ne ko bayan?"

Wallahi na so in yi ƙarya. Na ce, "Bayan ne."

Ya ɗaga hannu ya soke cin. Bello ya dube ni sau ɗaya, ya fita.

A Gwandu na sha zagi. Wata biyu Alhaji Umaru ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Bello ya gama karatu ya tafi aiki, bai ƙara taka zaurena ba, abin kuma ya ci ni ƙwarai.

Bayan shekara shida, da hantsi, sai ga Alhaji da ƙullin goro, Bello na biye.

"Malam, yaron ga ya kahe," in ji Alhaji. "Ga ƙannena nan birjik, amma yac ce kai za ka zama wakilinai, ka amsa mai aure."

Bello ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Baba, ni na ji ƙararrawar ran nan. Ƙwallo tana hannuna. Kunya ta hana ni zowa."

Na miƙa hannu na karɓi goron, ina hawaye.

Abin da na koya shi ne, a teburin nan wani lokaci gaskiya tana wurin mutum ɗaya tak, ba mai iya kama shi. Amma ɗan wasa ya san abin da hannunsa ya yi, kuma yana jira ya ji me za ka ce.