Nauyin Mamman Mai Bugu

Duk baƙon da ya shigo gidanmu a Ƙofar Mazugal, kafin ya gama amsa gaisuwa sai ya ce, "Wannan kuma mene ne?" Jirgin ruwa ne. E, jirgin ruwa, a tsakiyar birnin Kano, inda babban ruwanmu shi ne kududdufi. Shekararsa goma sha takwas a kife a tsakar gida, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsa, ni kuma ina shanya kuɓewa a bayansa. Na yayana ne, Nata'ala tela. Ni ce ƙanwarsa Aminatu, tun da mijina ya rasu nake zaune a gidan, kuma ni na sha ƙurar ranar da aka fasa gefen zaure don a shigo da shi.

Yaya ba mutumin ruwa ba ne tun asali. Siriri ne kamar sillen kara, yana da keken ɗinki a bakin kasuwar Kurmi. Wata shekara aka zo neman telan da zai iya ɗinkin tamfol mai kauri. Ashe wani kulob ne a bakin dam, tafiyar awa biyu daga gari, inda Turawa da Kwarorin masana'antu suke zuwa Asabar da Lahadi su yi tsere da ƙananan jirage. Babu inji, babu sandar tuƙi. Ƙyalle ake ɗaurawa a doguwar sanda, iska ta tura. Ƙyallen wani ne ya yage, Yaya ya ɗinke, mai jirgin ya ce ya shigo su gwada ɗinkin. Da na san abin da zai biyo baya, wallahi da na ɓoye masa almakashi ranar.

Ya dawo yana surutu kamar wanda aljanu suka shafa. Wai jirgin na mutum biyu ne: ɗaya a baya yana riƙe da sitiyari, ɗaya a gaba yana jan igiya, yana kuma jefa jikinsa waje don kada iska ta kifar da su. Yaya ya koyi zaman baya. Da ya tashi neman na gaba bai je ko'ina ba sai Ƙofar Mata, wurin Mamman mai bugu.

Tare suka tashi da Mamman, rana ɗaya aka yi musu kaciya. Ƙato ne na gaske, wuni yake yana dukan shadda a kan gungume har ta yi ƙyalli. In ya zauna a tabarmata sai in ce, "Yaya Mamman, a tausaya mata, marainiya ce." Ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce, "Ƙaro tuwo, Aminatu, nauyin nan aiki yake yi." Kuma gaskiyarsa. An ce in ya jingina a gefen jirgi, duk haukan iska sai jirgin ya miƙe.

Yaya ya zama telan wurin, amma ma'aikatan kulob ba sa shiga tsere, wannan na mambobi masu kati ne. Sai an gama, la'asar sakaliya, ake ba su aron jirgi su zaga. Shekara tara suna haka. Burinsu ɗaya ne tak. Akwai gasar da ake yi a Legas sau ɗaya a shekara, kowa na iya shiga in dai yana da jirgin kansa. So suke a busa usur su tashi tare da jama'a, su biyu, ko da su za su zo na ƙarshe.

To, masana'antu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, masu kati suka tattara suka tafi, kulob ya watse. Sakataren wurin, wani dattijo Malam Mikail, ya kira Yaya ya ce jirage biyu ne suka rage, ya zaɓi ɗaya a matsayin sallama. Ɗaya fari ne na roba, shafal, shi ake yayi. Amma mutum biyun da ke ciki kada su wuce kilo ɗari da talatin, in sun wuce sai ya dinga jan ciki a ruwa. Ɗayan na katako ne, mai faɗi, tsohon yayi, da babban ƙyalle. Shi nauyi yake so. In babu ƙato a gaba, iska kifar da shi take yi.

Malam Mikail bai ɓoye masa komai ba. Ya ce, "Nata'ala, ka saurare ni da kyau. A gasar nan ba a haɗa iri da iri. Kowane iri da nasa usur, kuma sai jirage uku iri ɗaya sun hallara ake busawa. Irin farin nan za ka tarar da ashirin. Irin na katakon, ban san wanda ya rage yana tuƙa shi ba."

Suka je wurin masu fatu a unguwa suka hau sikeli. Yaya hamsin da takwas. Mamman ɗari da goma sha biyu. Wannan lissafin ba sai an kira malami ba.

Bawan Allah Mamman ya roƙi a ba shi wata ɗaya. Ya kama azumin nafila, Litinin da Alhamis har da ranakun da ba a ce ba. Tuwona ma ya daina ci, abin da ya ba ni haushi. Wata ya cika, ya koma sikeli, kilo uku ya rage. A zaurenmu ya ce wa Yaya, ina ji ta bayan labule, "Ɗauki farin nan, ka nemi siriri irinka. Ni sai in tsaya a bakin ruwa in yi maka ihu."

Yaya ya ce, "Wa ya ce maka don kai ne? Roba ce fa. Rana ɗaya ta tsage, shi ke nan. Katako ya fi ƙarko."

Ƙarko! Bakano da ƙarko, ko allura zai saya sai ya tambaya ko jikansa zai gada. Har gobe haka Yaya yake gaya wa mutane, kuma suna yarda. Ni ban taɓa yarda ba. Na ce masa, "Yaya, ka zaɓi takalmin da ba ya mutuwa, amma ina hanyar da za ka taka?" Ya ci gaba da goga wa katakonsa mai.

Shekarar farko suka ɗora jirgin a saman motar albasa, kwana biyu a hanya. Mamman ne ya ba ni labari da suka dawo, don Yaya bai iya ba. Farare ashirin da biyu suka tarar, nasu shi kaɗai. Mutanen wurin ba su wulaƙanta su ba. Zuwa suka yi ta yi suna shafa katakon suna ɗaukar hoto, har suka ce in suna so su bi bayan 'yan tsere, ba lamba, ba usur. Yaya ya ce shi ba yawo ya zo ba. Kwana biyu suka zauna a bakin ruwa suna kallo. Mamman ya ce duk inda jirage suka juya sai ya ga hannun Yaya ya motsa shi kaɗai a kan gwiwarsa.

Daga nan sai neman jirage biyu ya zama sana'a, ɗinki ya koma na wucin gadi. Ya yi ta kiran waya, wannan ya haɗa shi da wancan. Ya samo wani tsohon likita a Jos mai irin jirgin, suka je Legas, jirage biyu, ba na uku. Ya ji labarin wani jirgin, aka bi sawu, ashe mai shi ya cika shi da ƙasa ya shuka fulawa a ciki. Sau uku suka yi tafiyar nan, sau uku suna dawowa suna warin albasa.

Kai jirgi dam ba ƙaramin aiki ba ne, don haka a tsakar gida suke atisaye. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai su birkice shi, su kafa sanda, su ɗaga ƙyalle. Dattawa biyu masu furfura, Yaya na cewa "Juya!" Mamman na tsallakawa ɗaya gefen yana lilo a kan tukwanena. Maƙwabta na leƙowa ta katanga. Kunya kamar in nutse. Na sha ce musu, "Don Allah ku fasa katakon nan a yi mana benci, ko ma huta." Mamman ya ce, "In mun ciwo kofi, ke za ki fara shan fura a ciki."

Sai ciwon suga ya kama Mamman. A hankali ya ci shi. Ya bar bugu, riga ta fara yi masa yawa, na daina yi masa tsiyar tabarma don abin ya daina ba ni dariya.

Bara, da damina, saƙo ya shigo wayar Yaya. Wai tsofaffin 'yan tsere za su yi taron tuna baya, sun tono jirage huɗu irin na katako, nasa ne na biyar, za a busa musu usur nasu na kansu. Bayan shekara goma sha bakwai! Na kai wa Mamman kunu a ranar, don haka a gabana Yaya ya shigo yana haki ya karanta masa. Mamman ya ce, "Kai ni sikeli." Muka sa shi a Adaidaita Sahu har wurin masu fatu. Sai da Yaya ya riƙe shi ya hau. Sittin da huɗu.

Ya daɗe yana kallon allurar sikelin. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Ka ga ikon Allah. Da na yi wa wancan yawa, yanzu na yi wa wannan kaɗan." Ya juyo ya kama hannun rigar Yaya. "Nata'ala, kada ka yi mini gardama wannan karon. Akwai ƙarti a wurin bugu, zaɓi ɗaya ka koya masa. Wata biyu ya isa."

Yaya ya ce, "Ai katakon ya fara ruɓewa. Ba zai kai Legas ba."

Ƙarya ce. Ni nake shanya a kansa kullum, in ka ƙwanƙwasa shi amo yake kamar sabon turmi. Na buɗe baki zan faɗa, Yaya ya kalle ni, na haɗiye. Mamman ma ya sani, na gani a idonsa. Raina ya ɓaci da su duka biyun, har yau ban huce ba.

Saura kwana tara gasar Mamman ya cika, da hantsi. Aka kai shi bayan azahar. Yaya na cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma an ce ya ƙi yarda a karɓe shi har aka isa maƙabarta.

Da ya dawo bai shiga ɗaki ba. Ya zauna a kan jirgin da ƙasar kabari a ƙafarsa, yana matsa kafaɗarsa ta dama. Na kawo masa ruwa, bai karɓa ba.

Ya ce, "Aminatu, ko kilo sittin bai kai ba."

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Ya ce, "Ni da shi yau, farin jirgin nan zai ɗauke mu."

Na ajiye masa ruwan a kan katakon, na je na kwashe kuɓewata.