Ƙasar Makiyaya a Tsakar Gidana

Shekarar da damina ta sake yaudarar mutanen ƙauyenmu, ɗan kawuna ya sauka gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi da tumaki uku da wasu ƙananan buhuna biyu. Taubashina ne, tun muna yara muke tsokanar juna, don haka kafin sannu da zuwa sai da na ce, "Baƙauye, yunwa ce ta koro ka?" Da can sai ya rama har in rasa ta cewa. Ranar kuwa murmushi kawai ya yi. Na dubi wuyansa, na dubi haƙarƙarin tumakin, na shiga ɗora tukunya.

Maigidana ya ba shi shagon ƙofar gida, ya kuma samo masa dako a kasuwar Tarauni. Tumakin aka ɗaure min su a tsakar gida. Matarsa da yaransa suna can ƙauye suna jiran ya ce ga shi nan dawowa, ko kuma su tattaro su biyo shi. Shi dai komawa yake so. Garke guda ya taso da shi, waɗannan ukun suka rage, kuma a kansu yake son ya sake kafa wani.

Na ɗauka wake ne a buhunan. Da na kwance sai na ga ƙasa.

"Kai, don Allah! Tsarabar ke nan? An ce maka Kano ba mu da ƙasa?"

"'Yar birni, irin wannan ba ku da ita. Ara min baho biyu."

Na ba shi tsofaffin bahon wanki, ya huda gindinsu da ƙusa, ya juye kowane buhu a nasa. Ni ba mai fita ba ce, makarantar ma ban yi nisa ba, abin da na sani na duniya yawanci a tsakar gidan nan ya same ni. Ina tankaɗe yana bayani. Ya ce ciyawar daji ba mai shuka ta. Ita ke zubar da 'ya'yanta ƙarshen damina, su kwanta cikin ƙasa. Wasu su tashi da ruwan farko, wasu su yi likimo sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. To shekarun nan sai a yi ruwa ɗaya mai kyau, iri ya tsiro, sama ta ɗauke, rana ta ƙone shi. A sake ruwa, wani ya tsiro, ya sake ƙonewa. Ɗan abin da ya tsira kuma dabbobi sun cinye tun bai fitar da kai ba. Lokacin iyayenmu akan hana kiwo a gefe guda na makiyaya har ciyawa ta bushe ta zube, wata shekara a koma wani gefen. Yanzu gonaki sun matse ta, kowa dabbarsa na kuka, wa zai ce a jira?

"Ana ta ɗiba, ba a zubawa," in ji shi. "So nake in ga ko da saura. In da saura, in koma."

Baho ɗaya ƙasar makiyaya ce. Da na tambayi ɗayan sai ya yi ƙasa da murya, ya ce daga cikin shingen maƙabartar ƙauyenmu ya ɗebo, inda dabba ba ta shiga.

Na saki rariya. "Innalillahi! Ƙasar maƙabarta ka kawo min gida?"

"Ba ta kan kabari ba ce, ta jikin shinge ce. Ke da za ki je can gaba ɗayanki, ɗan wannan ne ya tsorata ki?"

Ranar ce kaɗai na ji ya yi dariya sosai.

Kullum kafin ya fita kasuwa sai ya yayyafa musu ruwa, ruwan da muke saye wurin 'yan garuwa. In rana ta take ni nake ƙarawa, in kife kwando a kai saboda kaji. Ina yi ina mita, amma ban taɓa fashi ba. Har na fara leƙawa da sassafe tun kafin ya shigo.

Na maƙabarta ne ya fara. Wasu 'yan tsirarai kamar gashin jariri, kafin wani lokaci baho ya rufe, kore shar. Ya tsuguna yana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida dangi: ga harkiya, ga burburwa, wannan kyasuwa ce, ga guɗe-guɗe. Ɗaya bahon kuwa shiru. Ya ce ƙasar makiyaya ta taurare da kofato, a ba ta lokaci. Ya tona ta da tsinke, ya matsar da ita inuwa, ya dawo da ita rana. Daga baya abu biyu suka fito. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya ce tsidau ne, ƙayar da ko akuya sai ta rasa yadda za ta yi take ci.

Muka ƙara makonni. Ya daina tsokanata, ni ma na daina. In ya dawo daga kasuwa, kafaɗarsa duk garin buhu, sai ya wuce wurin bahon kafin ya sha ruwa.

Wata safiya na ce, "To ka bar wannan mai kyan ta yi 'ya'ya mana, ka tafi da irin ka watsa."

"Baho ɗaya, a filin da sai ki wuni ba ki zagaye shi ba? In ma ya tsiro, wa zai tsare min shi shekara uku? Mutum na kallon saniyarsa tana faɗuwa zan ce masa kada ya shiga?" Ya goge fuska da hularsa. "Wurin da aka bari ya huta a ƙauyenmu, sai inda mutanen suka kwanta."



Ya ari wayata ya kira matarsa. A gabana ya ce ta sayar da kajin, ta bar wa maƙwabta turmi, su taho ranar kasuwa. Na ji muryarta tana tambayar tumakin, ya ce yau zai kai su kasuwa ya sayar. Sannan ya kwance su, ya jawo bahon mai ciyawa ya ajiye a gabansu. Suka rufar masa. Yana tsaye riƙe da igiya har suka cinye tas, sannan ya ja su suka fita.